Janareta a Soro

Wallahi maƙwabcina ya ishe ni. Da an ɗauke wuta sai ya tayar da janareta a soro, ya ja ƙofa ya rufe, wai kada ɓarayi su sace. Ai hayaƙin nan ba ƙauri kawai ba ne, akwai iskar guba a ciki wadda ba ta da wari, mutum yana barci za ta gama da shi. Jiya kuma na tarar da ɗansa yana ɗura fetur injin na aiki, da tocila a baki!

Na ce, "Alhaji, a fitar da shi waje mana." Sai ya ce komai na Allah ne. To, na Allah ne, amma katangarmu ɗaya, kuma a jikinta yarana suke kwana.