Wayar tagulla ba ta maye gurbin wayar tarmokupul

Masu gyaran lantarki da yawa a Damagaram suna ɗauka cewa idan wayar tarmokupul (abin auna zafi da ake yi da ƙarafa 2 daban-daban) ta gaza kaiwa na'urar ɗaukar bayanai, sai a ƙara da wayar tagulla, waya ai waya ce. Ba haka ba ne.

Tarmokupul yana auna bambancin zafi ne tsakanin bakinsa da inda ƙarafansa 2 suka ƙare. Samfurin K, wani nau'in tarmokupul, na ba da kimanin mikrovolt 41 (ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki) a kowane digiri, na'urar kuma ta ƙara zafin tashoshinta a kan lissafin. Da ka saka tagulla, ƙarshen ya koma mahaɗin da ka yi, amma na'urar ta ci gaba da ƙara zafin tashoshinta, ba na mahaɗin ba.

A ce tandar burodi ce, a watan Afrilu. Mahaɗin na waje cikin digiri 43, na'urar na ɗaki mai sanyi a 25. Allon zai rage digiri 18, kuma ratar na sauyawa daga safe zuwa azahar, shi ya sa gyaran lissafi ba ya magance ta.

Nemi wayar ƙari ta samfurin K, kore a tabbatacce, fari a korau bisa tsarin IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya. In ka juya su, kuskuren ya ninka na tagulla. Ka kuma nisanta ta da wayoyin injin wuta.