Balangun da na dinga kai wa Kawu

Salamu alaikum jama'a. Yanzun nan na dawo daga asibiti, ko ruwa ban sha ba na zauna rubuta wannan, don in na bari ya kwana na san kunya ba za ta bar ni in faɗa ba.

Kawuna aka ɗora a injin wankin ƙoda yau. Awa 4 cur yana kwance, tiyo biyu, ɗaya jini na fita ɗaya yana komawa, mutumin da in ya yi gyaran murya a shagonsa na Kwari sai yara sun shiga taitayinsu, yau shi ne ko ruwan sha sai an auna masa a kofi. Na ce Kawu sannu, ya jikin? Ya ce da sauƙi ɗana, sai ya kalli hannuna ya yi murmushi ya ce yau babu ƙunshin ne? Fita na yi waje don kar ya ga idona.

Ƙunshin da yake nufi balangu ne. Shekara da shekaru duk Juma'a bayan la'asar sai na tsaya wajen mai nama na ce a yanko mai kitse, a barbaɗa yaji sosai, Kawu ba ya son ƙamas, in haɗa da lemon kwalba mai sanyi in kai masa, ya ci ya sa min albarka, ni kuma in tafi ina jin daɗi wai na sada zumunci. Kuma na san yana da hawan jini. Wallahi na sani! Ni nake karɓo masa Amlodipine a kyamis, na sha ganin kwalin a kan firji wata uku bai ƙare ba, don sai ya ji ƙeya ta riƙe yake haɗiyar ɗaya.

Mu dai a garin nan mun mai da teɓa kamar sarauta. Mutum ya ajiye tumbi har tazuge ba ya zama, sai ka ji ana Alhaji ka yi kyau, hutu ya zauna. Amarya ta yi wata shida ta ninka, gidan miji ya karɓe ta. Wanda kuwa ya dage ya rage jiki sai a bi shi da lafiya kuwa? ko kasuwa ce ta juya baya? Haba jama'a. Da bakinmu muke kiwata juna.

Likitan da ke duba shi ya zaunar da mu, ya ce ƙoda tamkar rariya ce mai ƙananan jijiyoyin jini, a kullum tana tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini. In jini yana bugawa da ƙarfi shekara da shekaru jijiyoyin nan lalacewa suke, kitsen ciki kuma shi ke ƙara hawan jinin, ya jawo suga, ya sa ƙodar aikin da ya fi ƙarfinta. Kuma ba ta kuka, shiru take yi. Kafin ka ga ƙafa ta kumbura, fuska ta yi suntum da safe, fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, aikin gama ya kusa gamawa. Kawu ya daɗe yana cewa takalminsa ya matse shi, mu muna dariya muna cewa arziki ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mu baƙar fata muna cikin waɗanda ciwon ƙoda ya fi kamawa. A Amurka baƙaƙe sun ninka turawa sau uku ko fiye wajen mutuwar ƙoda, kuma a 2010 masu bincike suka gano wani nau'in ƙwayar halitta, APOL1, da ya yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma, wato mu ɗin nan. Ikon Allah, asalinsa kariya ce daga ciwon barcin da ƙudan tsando ke sawa, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba ƙodarsa ta fi saurin gajiya. Ba kowa ke kamuwa ba, amma wa ya san wanda ke ɗauke da shi? Ga shi gishiri ya fi saurin ɗaga mana jini. Kai siriri ma kar ka ce ka tsira, na san masu jiki kamar tsinke da jininsu ya haura 160.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kar ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Hajiya don Allah ƙirga dunƙulen da kika marmasa a miyar yau, ki haɗa da gishirin, da yajin da za a ƙara a kai, ga man shanu yana iyo, sannan ki miƙa wa maigida mai hawan jini ki ce bismillah. Da daddare ya tsaya wajen mai shayi, indomi biyu ƙwai uku. Gaɓoɓi su yi ciwo saboda nauyi, a aika yaro ya siyo Diclofenac a dinga sha kamar gyaɗa, ko a siyi jiƙon da ake talla da lasifika a bayan mota, duk a kan ƙodar nan suke sauka.

Na san wani zai ce rai na Allah ne, kwana bai ƙare ba. Kawu ma haka yake cewa duk sanda aka yi masa maganar magani. To kwanan bai ƙare ba kam, ga shi nan da ransa, sau biyu a sati ana ɗora shi a inji, kuɗin da ake kashewa kuwa har an fara maganar sayar da filinsa. Kowa a cikinmu ya haddace hadisin sulusi abinci, sulusi ruwa, sulusi numfashi, amma in an ajiye faranti sai mu manta da shi.

Don girman Allah ku je a auna muku hawan jini. In ya kai 140/90 ka kama maganinka kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba. Ka ce a duba maka fitsari da jini saboda ƙoda. Ari tef ɗin tela ka zagaya cikinka ta saitin cibiya, namiji in ya wuce santimita 102, mace 88, to a rage loma, a taka zuwa masallaci a ƙafa, ba komai sai adaidaita sahu ba.

Kuma don Allah, don Allah, in za ku gai da tsoho mai hawan jini ku kai masa gwanda ko abarba. Kar ku yi irin tawa. Gobe da safe Hajiyarmu zan kai awo ko tana so ko ba ta so. Ku sa Kawu a addu'a, ranar Talata za a sake ɗora shi.