Yanzu kuma na'ura za a riƙa tambaya a madadin jama'a?

Sabuwar hajar da ake tallata wa ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ita ce wai sun huta da wahalar fita neman ra'ayin jama'a. Akwai kamfanonin da za su ƙera maka "mutane" dubu a cikin kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira, su ce maka wannan manomiya ce mai shekara 50, wancan matashi ne da bai da aikin yi, ga kuma ɗan fansho. Kai dai jefa musu tambaya, nan take za su amsa. Babu kuɗin mota, babu alawus ɗin masu ɗaukar bayanai, babu mai rufe maka ƙofa ko ya katse maka waya. Kafin a tashi daga aiki rahoto ya kammala, da jadawali masu launi, an rubuta a samansa cewa ga abin da al'umma ke so.

Daga jami'a abin ya faro. A 2023 wasu masu bincike na Jami'ar Brigham Young da ke Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da manhajar GPT-3, wata ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya a rubuce. Sun nuna cewa idan aka ba ta bayanan mutum, kamar shekarunsa da jinsinsa da aƙidarsa ta siyasa, amsoshin da take bayarwa a jimlace sukan yi kama da na binciken zaɓe da aka yi da mutane na gaske a ƙasar. Su gwaji suka yi a kan al'ummar da aka fi kowace rubuta bayananta a duniya. 'Yan kasuwa kuwa suka ɗauke shi suka shiga talla, kamar an gano hanyar sanin zuciyar kowa a ko'ina.

Ban ga laifin mai sayarwa sosai ba, neman abincinsa yake yi. Rawar jikin masu saye ce ke ba ni haushi, domin ta tona asirin abin da da yawansu suka daɗe suna nema: jama'ar da za ta amsa tambaya ba ta yi gardama ba.

Bari mu fara da mafi sauƙi, wato ko amsar ma daidai ce. A 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kafin zaɓen shugaban Amurka, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta kuma shelanta cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tattaro sunayen ne galibi daga kundin masu wayar tarho da rajistar masu mota da masu sayenta, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka ga dama ne kawai suka mayar da takardar. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci. Shekara biyu bayan nan mujallar ta mutu. Duk ɗalibin wannan fanni da wannan labari ake fara masa karatu, amma ga shi ana maimaita shi da sabon kaya. Manhajar da ake tambaya daga rubutun da ke intanet ta koyi magana. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet kwata-kwata. Cikin masu hawa ma 'yan kaɗan ne ke cika fili da surutu: cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin 100 na manyan Amurkawa masu amfani da Twitter ne ke rubuta kusan kashi 80 na saƙonnin da rukunin ke fitarwa. A 2023 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa ra'ayoyin irin waɗannan manhajoji sun karkata zuwa na wasu rukunoni, sun kuma kasa wakiltar wasu, ciki har da waɗanda suka haura shekara 65. In a Amurka ma haka ne, ina ga tsohuwar da ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya a shafin sada zumunta ba, da harshen da manhajar ma ba ta gama iyawa ba? Abin da za ka samu shi ne abin da wasu suka rubuta a kanta, an sa mata a baki.

Masu kare abin za su ce ai binciken gaske ya yi tsada, mutane kuma sun daina amsawa, su kawo maka alƙaluman Pew cewa masu amsa tambayoyinta ta waya sun faɗo daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. To, in mutane sun gaji da amsa maka, wannan kansa saƙo ne, ƙera waɗanda ba sa gajiya kuwa toshe kunne ne kawai.

Ko da mutane na gaske ma, tambaya tana iya haifar da ra'ayin da babu shi. Akwai wani sanannen gwaji da masu bincike na Jami'ar Cincinnati suka wallafa a 1980. Sun tambayi mutane ko ya dace a soke wata doka ta 1975 wadda sam ba a taɓa yin ta ba, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ba da ra'ayi, wasu na goyon baya wasu na adawa. Kunyar cewa "ban sani ba" ce ta ja su. Amma ka lura, saura ba su faɗa tarkon ba. Ƙwararren mai ɗaukar bayanai yana karanta wannan shirun. Yana ganin lokacin da mace ta dubi ƙofa kafin ta amsa, yana jin lokacin da dattijo ya ce "to, duk yadda kuka gani" alhali ransa bai so ba, yana kuma rubuta abin da aka faɗa masa bayan ya rufe takardarsa zai tafi, wanda sau da yawa shi ne gaskiyar maganar. Mutumin da ke cikin kwamfuta ba ya duban ƙofa, a shirye yake ya ba ka sakin layi uku masu tsari a kan duk abin da ka tambaya.

Sai dai a ganina ko da manhajar za ta riƙa cankar amsa daidai ɗari bisa ɗari, matsalar tana nan daram, domin tun kafin zuwanta an riga an lalata manufar tambayar. Ga yadda abin ke tafiya a ofisoshi da dama. An zauna an yanke shawara, an ware kuɗi, an sa ranar farawa. Daga nan ne wani zai tuna cewa jama'a za su iya yin tirjiya, sai a kira masu bincike. Ba a ce musu su gano ko shirin ya dace. Ana ce musu su gano kalaman da za su sa a karɓe shi: wace kalma ce ke tsorata mutane a cire ta, wa suka fi yarda da shi a sa shi a gaba, da wane lokaci ya kamata a sanar. Ana kiran wannan "gwajin saƙo". Sai a biyo da taron masu ruwa da tsaki. Manya a kan dogon tebur, jawabi na bin jawabi har awa biyu, sannan mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce saboda ƙurewar lokaci za a karɓi tambaya uku kacal, kuma don Allah a taƙaita. Takardar sa hannu tana zagayawa, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi al'umma. Wanda ya taso da ƙorafi na gaske a ce masa an ji, za a duba. Kowa ya san ma'anar "za a duba".

Tun a 1969 wata ma'aikaciya a Amurka, Sherry Arnstein, ta zana matakai takwas na sa hannun jama'a a harkokin da suka shafe su, ta ajiye sanarwa da tuntuɓa da lallashi a rukunin jeka-na-yi-ka. Fiye da shekara 50 ke nan, har yanzu a nan aka tsaya, sai dai sunayen sun ƙara ƙyalli. Kalmar da aka fi so ita ce wayar da kai, wadda tun daga farko ta yanke hukuncin cewa duhu na wajen jama'a, haske na ofis.

Kada a ɗauka wannan halin ƙananan hukumomi ne ko ƙasashe matalauta. Bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, gwamnatin Faransa ta buɗe babbar muhawara ta ƙasa a 2019. Mutane suka cika littattafan koke fiye da 19,000 a ofisoshin magadan gari da rubutun hannunsu. Aka kwashe aka kai ma'ajiyar tarihi, sai a 2025 majalisar dokoki ta nemi a fito da su kowa ya gani. Shugaba Macron ya kuma tara mutum 150 da aka tsamo bisa sa'a daga cikin jama'a domin su ba da shawara kan sauyin yanayi, ya yi alkawarin miƙa abin da suka kawo ba tare da tacewa ba. Sun shafe watanni suna aiki, suka kawo shawarwari 149. Da suka ga abin da ya rage a daftarin dokar, suka ba gwamnati maki 3.3 cikin 10. Waɗannan mutane ne na gaske, an saurare su da kyau, an rubuta komai. Abin da aka rasa shi ne niyyar canza hanya. Kuma kowane irin wannan taro yana rage yawan waɗanda za su zo na gaba.

Inda aka ga amfanin sauraro kuwa, sai da aka sha wuya tukuna. A lokacin annobar Ebola ta Afirka ta Yamma, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 tsakanin 2014 da 2016, an fara ne da saƙonni: Ebola gaskiya ce, tana kisa, kada ku taɓa gawa. Ma'aikata cikin fararen kaya suna zuwa su ɗauke mamaci a jakar roba, iyalansa ba su ga fuskarsa ba, ba su san inda aka kai shi ba. Mutane suka koma ɓoye marasa lafiya da binne gawa cikin dare. A watan Satumban 2014 aka kashe mutum takwas daga wata tawagar wayar da kai a ƙauyen Womey na Gini. An daɗe ana kiran wannan jahilci, har sai da aka zauna da mutanen aka ji cewa abin da ke ci musu rai shi ne wulaƙanta matattunsu. A watan Nuwamban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin binnewa wanda ya ba iyalai da malaman addini dama su halarta, su yi addu'a, su ga an rufe nasu da mutunci, ba tare da an taɓa gawar ba. Hukumar da kanta ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 20 na sababbin kamuwa a wurin jana'iza ake samun su, ka ga ba ƙaramin gyara ba ne. Tsarin aikin aka sauya, ba kalmomin sanarwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai wanda ya shiga ɗakin zai ji daga bakinsa.

Akwai kuma abin da tambaya ke yi wanda ba ya shiga jadawali. Wanda ka je har inda yake ka tambaye shi ya san ka zo, ya san fuskarka, gobe zai tare ka ya ce ina maganarmu ta kwana. Ka ɗauki nauyi ke nan. Wannan nauyin ne ake gudu, shi ya sa ake son mutanen kwamfuta, domin ba za su taɓa tare kowa a hanya ba. Za a iya rubuta cewa kashi kaza na mata sun amince, alhali babu macen da aka yi wa magana, babu kuma wadda za ta iya fitowa ta ce ƙarya ne, ban faɗa ba. A da mai son yin aringizon alƙaluma sai ya ɓoye, ya cike takardu a ƙarƙashin bishiya yana waige-waige kada a gan shi. Yanzu rasit ake ba shi.

Ban ce a jefar da manhajar ba. A gwada tambayoyi da ita kafin a fita, a sa ta ta tsara dubban amsoshin da mutane suka bayar da bakinsu, wannan aikinta ne. Amma duk rahoton da aka gina a kan amsar na'ura a rubuta haka ɓaro-ɓaro a shafin farko, kuma kada a kuskura a kira shi ra'ayin jama'a. Wanda ya yi binciken gaske shi ma ya fito da tambayoyin yadda aka yi su, da wanda ya biya kuɗin, da waɗanda aka kasa kaiwa gare su. Masu ba da tallafi kuwa su daina ƙirga yawan taruka da hotuna, su tambayi abu guda: a cikin shirin nan, wane sashe ne aka canza saboda abin da mutane suka faɗa? Wanda ya kasa nuna ko layi ɗaya ya dawo da kuɗin taron.