Abin da Sista ta gani a Sakkwato shekarar sanƙarau

Duk sanda zafin Afrilu ya kankama sai na tuna 2017, shekarar da sanƙarau ya taso daga Zamfara ya shigo mana Sakkwato. Ni na yi wa wata nas Baturiya tafinta a lokacin, aikin agaji ya kawo ta. Kowa Sista yake ce mata.

Ranar farko aka kawo wani yaro, wuya ya sandare, jiki kamar garwashi. Ta ce in tambayi uwar sunansa. Matar ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Na maimaita, shiru, sai ƙanwar mijinta ce ta amsa. Ran Sista ya ɓaci, wai wace irin uwa ce ko kallon ɗanta ba ta yi? Na ce ɗan fari ne, alkunya ce. Ba ta gamsu ba sai cikin dare, da ta leƙa ta tarar da matar a kan tabarma, kan yaron a cinyarta, tana yi masa fifita tana tofa masa addu'a. Washegari ta sa na koya mata "sannu da jiki" da "ya mai jiki", kuma ba ta sake taɓa majinyaci ba sai ta rusuna ta gaida tsofaffin da ke wurin.

Ɗibar ruwan baya, wato a sa allura a gadon baya a zuƙo ruwa don gwaji, shi ne mutane suka fi gudu. Ba ta taɓa ce musu jahilai ba. Ta san labarin Kano na 1996, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 ana tsakiyar annoba, 11 suka rasu. Sai ta ɗaga 'yar kwalbar ruwan bayan ta nuna wa uban yaro: na mai lafiya garau yake, wannan kuwa kamar an ɗiga masa nono. Da yawa a nan suke cewa "to, a yi."

Abu ɗaya ta kasa haɗiyewa, kuma wallahi ina bayanta. Wata yarinya ta kwana biyu a ɗaki tana fizge-fizge saboda maigida ya tafi cin kasuwar Illela, uwar ba ta da izinin fita. Ciwon nan yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Allurai sun ceci ranta, amma ta kurumce. Sista ta fita bayan ɗakin ta yi kuka, ni kuma na rasa Turancin da zan kare mu da shi, don babu abin karewa.

Magidanta, ku ba da izinin nan tun kowa yana lafiya. Ni na faɗa wa uwargidana a gaban mahaifiyata: in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ta ɗauke shi ta tari Keke Napep, ta kira ni a hanya. Kuɗin motar na nan a ƙarƙashin kwanon samira.