Kafin a sayo wa amarya talabijin mai inci 55

Jiya da la'asar wata dattijuwa daga unguwar Badariya ta shigo shagona, jikanta na biye da ita da talabijin nannaɗe cikin bargo. Na autarta ne, wadda aka kai ɗaki wata bakwai da suka wuce. Inci 55, ga 4K ɓaro-ɓaro a goshinsa. Na jona shi, murya na fita, hoto babu. Na haska tocila a jikin gilashin, sai ga inuwar mutane na motsi can ciki. Fitilun baya, masu haska gilashin daga ciki, sun ƙone. Da na faɗa mata, sai ta zauna a kan benci ta ce: "Ɗana, shinkafar rani munka saida munka sai mata shi, don kada ɗiyata ta ji kunya cikin dangin miji."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har na kwana da ita. Shekarata goma sha shida ina gyaran kayan kallo a Birnin Kebbi, tun zamanin talabijin mai tozo wanda sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, kuma ra'ayina shi ne yawancin kuɗin da muke zubawa a manyan talabijin kuɗin rubutun jikin kwali ne. Muna sayen abin da wutarmu ba ta iya riƙe shi, tashoshinmu ba su iya cika shi, aljihunmu kuma bai iya gyara shi.

Mu fara da sunan. Duk talabijin mai faɗi mu "filasma" muke ce masa, alhali manyan kamfanonin da ke ƙera filasma ta gaskiya, Panasonic da Samsung da LG, sun daina tun 2014. Abin da ke cike da shaguna yau, wanda ake rubuta wa LED, gilashin LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a bayansa. Gilashin ba ya haske da kansa, aikinsa tace hasken fitilun nan ya mai da shi launi. QLED ma haka yake, an dai ƙara masa wani shimfiɗi ne da ke sa launi ya ƙara armashi. OLED ne kaɗai daban, domin kowane ɗigo a cikinsa shi ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne wuluk. Abu ne mai kyau ƙwarai, ban musa ba. Sai dai tsadarsa ba ta talaka ba ce, kuma idan tambarin tasha ɗaya ya daɗe a kusurwa guda, kamar gidan da ake wuni a kan tasha ɗaya, yana iya barin tabo da ba ya goguwa.

Sai 4K, wanda yanzu ko yaro ya iya faɗinsa. Ma'anarsa ɗigon hoto 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan. Na ƙasa da shi, 1920 da 1080, wajen miliyan biyu ne. To me ke shiga talabijin ɗin a gidajenmu? Kwandon kan rufi mai tashoshin kyauta, ko dikodar wata-wata, ko filashin da aka turo wa finafinai a kasuwa bayan an matse su don su shiga waya. Yawancin waɗannan hotonsu bai kai ko na miliyan biyun ba. Talabijin ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba, buɗa shi kawai yake ya baje a faɗin gilashi. Shi ya sa fim ɗin da ke fita tas a inci 32, idan aka sa shi a inci 55 sai fuskoki su yi dishi-dishi kamar an shafa musu man kaɗanya. Mutane da yawa sun kawo mini sabon talabijin suna cewa ya lalace, na duba lafiyarsa ƙalau. Hoton da suka gani a shago na musamman ne, an tanade shi a filashi don jan mai saye.

Wani zai ce ai akwai intanet. Akwai. Amma kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, da kansa ya ce kallon 4K na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Gida nawa ne a Gesse ko Rafin Atiku za su ƙona wannan a kan fim guda? Ko da an samu, daga nisan mita uku, inda kujerun falonmu suke, ido ba ya bambance 4K da 1080 a talabijin mai inci 43.

Inda abin ya fi damuna shi ne wuta. A bayan kowane talabijin akwai takardar da aka rubuta yawan wutar da yake sha, amma ban taɓa ganin mai saye ya juya ya karanta ba. Mai inci 32 yakan tsaya wajen wat 45, mai inci 55 kuwa sau da yawa ya haura 100. Ɗauki gidan da ke da sola da batir ɗaya mai bolt 12, amfiya 100. Irin batiran ruwa da muke amfani da su, rabin abin da ke ciki ya kamata a sha idan ana son su yi ƙarko, wato wajen wat 600 na awa guda. Ƙaramin talabijin zai kai awa goma sha uku a kan wannan. Babba mai shan 120, awa biyar, kuma ba a sa dikoda da fanka da cajin waya a lissafi ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, amarya za ta zaɓa ne tsakanin kallo da fanka. Na sha ganin babban talabijin rataye a bango an lulluɓe shi da leshi, matar gida na kallo a wayarta.

Ga kuma yadda wutar layi ke zuwa, yanzu ta yi ƙasa kamar aci-balbal, anjima ta dawo da ƙarfi. Ga janareto da ake tayarwa talabijin na jone. Ga tsawa da damina, da ke biyo wayar kwando ta shiga dikoda ta wuce cikin talabijin. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska, zafi ya taru a ciki. Mai tozo ya fi jure irin wannan, kuma in ya lalace, sau da yawa ɗan abu ne za a cire a sa wani. Na yanzu, idan allon wuta ne ko fitilun baya, da sauƙi, ana gyarawa. Idan gilashi ne ya tsage, ko yaro ya jefa masa cokali, magana ta ƙare, don kuɗin gilashin kusan kuɗin sabo ne, kuma iya girmansa iya asarar.

Ban da jabu. Ana shigo da talabijin marasa suna a manna musu tambarin babban kamfani, a rubuta 4K a kwali, gilashin ciki kuwa 1366 da 768 ne. Har incin ma ana ƙara masa. Ku riƙa zuwa kasuwa da tef ɗin tela, ku auna gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci 43 santimita 109 ne, inci 55 kuma kusan 140. Ɗan kasuwa mai amana ba zai hana ku aunawa ba, kuma zai ba ku rasit da takardar garanti.

Iyayena mata, ku nake roƙo musamman. Na san abin da ake ji ranar jere, lokacin da dangin ango ke shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya suna ƙare wa kaya kallo. Na aurar da ƙanne biyu, na san zafin gori. Amma kallon nan na yini ɗaya ne, ita kuwa yarinyar ita za ta zauna da kayan. Kuɗin da za a sa a inci 55 na jabu zai sayi inci 32 ko 43 na gaske, a haɗa da na'urar daidaita wuta, wataƙila har a yi ragowar da za a fara tara kuɗin batir. Akwai ma masu aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, ba sai da inbata ba, waɗanda su suka fi dacewa da ƙauyukanmu na wajen Argungu da Bunza da Kamba. Kada kuma a biya ƙarin kuɗi don an ce "simat" ne, wato mai shiga intanet da kansa. Masu arahar ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, shekara ɗaya ko biyu sai su fara nauyi. Ɗan akwatin Android da ake jonawa ta baya ya fi, in ya tsufa a canja shi kaɗai.

Wanda ya riga ya saya, ya shiga saiti ya fitar da shi daga yanayin shago, ya rage hasken baya daga 100 zuwa wajen 60. Barin hasken a ƙure shi ke saurin cinye fitilun. A bar tazara tsakaninsa da bango, a cire shi daga soket kafin a tayar da janareto, hadari kuma in ya haɗu a zare wayar kwando.

Ita Inna ta Badariya, na buɗe nata a gabanta na nuna mata fitilun da suka yi baƙi. Na auna gilashin da tef, santimita 127 ya ba ni, wato inci 50. Ban so faɗa mata ba, amma haƙƙinta ne ta sani. Ta yi shiru, can ta ce in gyara, kada dai in bari surukinta ya ji. Na yi odar fitilun daga Kano, na ce wa jikan nata ya dawo ranar Laraba bayan azahar.