Ɗan Duwatsu a Hanyar Abeokuta

Duk wanda ya san ni a Agege ya san ba na minti goma ban ambaci Jos ba. "Mu fa a kan dutse aka yanke mana cibiya," haka nake cika baki a teburin mai shayi, ina tuna musu garinmu kansa ya kai mita 1,200 a sama, su kuwa a Legas ba su da tudu sai gadar sama. Abin da ba na faɗa shi ne shekarata 11 zaune a shago, tumbi ne ke riga ni shiga ko'ina.

Maƙwabcina, wani Bakano, ya gaji da ni. Ya ce, "To ɗan duwatsu, ranar Lahadi mu tafi Abeokuta a keke, mu hau Dutsen Olumo, mu dawo kafin isha'i." Tafiyar wajen kilomita 80 ce. Na ce, "Shi ke nan? Na zaci aiki za ka kawo."

Keken mai shayin na ara, wanda yake ɗauko burodi da shi. Ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, don girman Allah a lallaɓa, shi ne jarina."

Muna idar da asuba muka ɗau hanya. A Abule Egba har ƙararrawa nake kaɗa wa mutane. A Sango Ota cinyoyina suka fara ƙorafi. Kafin Ifo ƙurar tireloli ta mai da ni kamar wanda aka tono, sirdin kuma ya yi min abin da ba zan rubuta ba, akwai yara a intanet. Sai sarƙa ta tsinke. A fili na yi salati, a zuci na yi hamdala.

Muka tare wata tsohuwar bas. Kwandasta ya ce keke kuɗin mutum biyu ne. Haka keken mai shayi ya samu gefen taga yana shan iska, ni aka cusa ni bayan direba, kan wani ƙarfe mai zafin tanda.

Olumo mita 137 ne kacal. Na ce irinsa muke kiwon awaki a kai. Akwai lif, amma ɗan Jos ya shiga lif a gaban Bakano? Muka bi matakala. Mai yi mana jagora yana bayanin yadda Egbawa, wato Yarbawan garin, suka ɓuya a kogunan nan lokacin yaƙe-yaƙe wajen 1830, wai shi ya sa sunan garin ke nufin ƙarƙashin dutse. Ni dai kogon nake kallo da sha'awa, don na ga wurin kwanciya. Wata tsohuwa ta wuce ni ba ko haki, ta ce, "Pele o, Malam."

Can gaba akwai wani matsattsen tsagi tsakanin duwatsu biyu. Kaina ya wuce, tumbi ya ƙi. Bakano na turi ta baya yana ihu, "Ɗan duwatsu, shanye cikin!" 'Yan makaranta suka yi layi suna jira, wasu har da ɗaga waya.

An ce daga sama ana hango kogin Ogun da rufin kwanon garin kaf. Ni gajimare na gani, don a rigingine nake. Saukowa kam a lif ne, ban ce uffan ba.

A unguwar Sabo aka ɗaure mana sarƙa, muka sake biya wa keke kujerarsa. Da dare mai shayi ya haska tayoyin da tocila ya ce, "Ikon Allah, ko cinyewa ba su yi ba!" Na ce, "Iya tuƙi ne."

Bakano ya buɗe baki. Na yi wuf na ce a haɗa masa shayi mai kauri da ƙwai huɗu, ni zan biya. Yau kwana tara ke nan ina biya.