Ɗinkin hannu da kwanciyar hankali

Na yarda da abin da wani labari da na karanta ya ce, cewa ɗinkin hannu yana kwantar da hankali, domin tun da kakata ta koya mini ɗinkin hula, babu abin da ke sauke mini gajiya kamar in zauna bayan la'asar da allura da zare, ina bin zanen da aka fitar a kan farin ƙyalle a hankali har magariba ta kawo jiki. Sai dai marubucin ya manta da matan Maiduguri da ke ɗinka zanna bukar domin ciyar da iyali, waɗanda hula ɗaya kan ɗauke su makonni, ido na yaji, wuya na sagewa. Shin wadda dillali ke jiran aikinta tana samun irin wannan natsuwar?